Na Duba Gwiwar Agwagwa, Yanzu Aikin Autana Na Rawa

Daga admin: Wata uwa ce ta turo da saƙon murya daga Alƙahira, ta ce ba ta iya rubutu, in rubuta yadda ta faɗa kar in gyara mata, kuma a ɓoye sunanta.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manyanku da yaranku, ina gaishe ku. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai zo ya ce mini Mama ki yi haƙuri ya riƙe abinsa, haƙuri ina da shi tun kafin a haifi uwarsa, mafita nake nema.

Ni dattijuwa ce, na haura sittin, Bahaushiyar Sudan, yaƙi ne ya koro mu muka sauka a Hadayek el-Maadi, ni da autana da matarsa da 'ya'yansu biyu. Ban taɓa shiga aji ba, takarda ma da ɗan yatsa nake dangwala mata, amma agwagwa na san ta, tun ina yarinya nake kiwonta a bakin ruwan da ke shayar da gonakin garinmu. Sau biyu a mako nake zuwa Zamalek, unguwar masu kuɗi a tsallaken gada, in yi wa wata Madam girki, 'yar Masar ce, ba ta da laifi sai yawan riƙe waya. Autana kuma yana aiki a wani babban kanti a nan unguwar tasu, wajen kaji da agwagi, shi ke gyara su ya naɗe a leda. Wata bakwai ya yi yana taka ƙasa kafin ya samu aikin nan, wanda ya san zaman baƙo a Masar ya san abin da nake nufi.

To ran nan Madam za ta yi baƙi, ta sayo agwagwa a kantin nan ta ce in cusa mata shinkafa in gasa. Mu a wajenmu da rai ake sayen abu, ka duba ido, ka duba tafin ƙafa, ka hura gashin ƙirji ka ga fata. Nan kuwa an cire kai an cire ƙafa, amma hannu ya saba, sai da na juya ta. Ga baƙin tabo a gwiwa biyun, ƙirjin kuma ja kamar an goga masa wuta. Na ce Madam, wannan baiwar Allah ba ta taɓa shiga ruwa ba tun da aka ƙyanƙyashe ta, a kan kashinta ta kwanta har ya ƙone ta, wurin juyawa ma ba ta da shi. Ta ce ya aka yi na sani, na nuna mata. Ta ce ya Hagga, wato Hajiya, maimaita, ta ɗaga waya. Ni na ɗauka ƙanwarta za ta tura wa, don takan ɗauke ni in ina haɗa miya. Na maimaita da Larabcina na Sudan, har na ƙara da cewa ni a gidana wannan ba za ta shiga tukunya ba. Ledar kantin kuma tana kan tebur, da sunansa ɓaro-ɓaro.

Ashe Madam da ƙawayenta suna da guruf, sun daɗe suna damun kantin nan a kan ya daina ɗauko agwagi daga gonar da ke cunkushe su ba ruwa ba rana, manajan kuma kullum amsarsa tamam, za mu duba. Bidiyon nan shi ya zama musu makami. Kwana uku bai yi ba mata suka fara mayar da agwagi, wasu suka ce ko albasa ba za su ƙara saya a wurin ba. Mai tumatur ta layinmu har doktorar agwagi take ce mini yanzu, na ce mata ta shiga hankalinta.

Rana ta huɗu autana ya dawo ko gaisuwar kirki babu. Ni kuwa ido na sa masa, na ce zauna ka faɗa. Ya ce manaja ya kira shi, laifinsa biyu. Na ɗaya, agwagwar nan ta hannunsa ta bi, kuma umarnin da aka ba su shi ne a yanke tabon nan a gyara fatar kafin a naɗe, ranar kaya suka yi yawa ta wuce masa. Na biyu, wani abokin aikinsa ya tsegunta cewa tsohuwar bidiyo uwarsa ce. Na ce wato kullum abin da kake yi ke nan? Ya sunkuyar da kai. A nan na gane dalilin da shekara guda ba ya taɓa naman agwagwa, yana ce mini olsa. Na ce ni na raine ka ka riƙa ɓoye wa mai saye aibi? Ya ce Inna, mai gidan nan da muke ciki ba ya karɓar wa'azi a ƙarshen wata. Ya ɗaga mini murya, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da muka bar gidanmu da kayan jikinmu. Matarsa tun ranar in ta ajiye mini abinci ba ta ɗago kai.

Sharaɗin manaja ɗaya ne. Ranar Alhamis in je kantin, in tsaya gaban firiza da wata agwagwa da suka zaɓa mai kyau, a ɗauke ni in ce na yi kuskure, idon tsufa ne, tabon nan ƙanƙara ce ta yi shi. In na yi, yaro ya ci gaba da aiki. In ban yi ba, khalas, aiki ya ƙare.

Na koma wa Madam na faɗa mata komai. Ta ce ko kusa kar in janye, kantin ya kusa sauya gona, in na janye aikinsu na watanni ya rushe. Ta ce ma'alish, wai ba komai, in an kore shi za su nema masa wani in sha Allah. Ni kuwa na san in sha Allahun Zamalek, ba ta tsallako gada. Har ta ce ko zai yarda shi ma ya yi magana a kan yanke tabon. Na ce Madam, kin ɗauke ni ba ki gaya mini inda za ki kai ni ba, wannan ɗaya. Na biyu, kin yi hawaye a kan gwiwar agwagwa, shekara guda yaron nan yana miƙo miki leda, kin taɓa tambayar ƙafarsa? Tun safe yana tsaye a ɗakin sanyi, yana dawowa ƙafa ta kumbura takalmi ba ya fita, sai matarsa ta gasa masa da ruwan gishiri. Sai ta ce wannan ma ya kamata a sa a guruf. Na ce ki bar mini ɗana a wajen wayarki.

Har Madinat Nasr na shiga mota na je wajen wani ɗalibin ilmi ɗan ƙasarmu da ake yabo. Ya ce dabba tana da hakki, ƙarya haram ce, amma kuma akwai larura, malamai sun yi saɓani, Allahu a'alam. Na shanye shayinsa na taso.

Ku fahimce ni, ni ba tausayin agwagwa ya fi mini na ɗana ba. Na yanka su ba adadi, kuma gobe ma zan ci. Amma a gidanmu ko yanka za a yi sai an ba dabba ruwa ta sha, balle agwagwa da Allah ya yi ta da ƙafar ruwa. Abin da na gani na gani. Idon nan har yau yana zura zare a allura ba tabarau, yanzu in tsaya gaban duniya da furfurata in ce ya mutu? Jikokina za su gani. In kuma ban faɗa ba, su ɗin ne za su kwana da yunwa, kuma ubansu zai riƙa kallona yana tuna wata bakwai ɗin nan.

Jiya da ya dawo na karɓi robar ruwan daga hannun matarsa na gasa masa ƙafar da kaina. Na juya ta yadda nake juya ta agwagwa, na ga duk abin da ke wurin, kuma shekara guda muna gida ɗaya ban duba ba sai jiya.

Jibi ne Alhamis. In je in ƙaryata idona in ceci aikinsa, ko in zauna a kan maganata shi ya biya? In akwai wata hanya ta uku ku faɗa mini a fili, da murya za ku turo don in ji da kunnena.