Ina Ninka Maganin Mafitsara Don Kar In Roƙi Mabuɗi

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana.

Ɗinki nake yi a wani kamfani, mu ashirin da biyu a ɗaki ɗaya, kowace da kekenta. Wata biyar ke nan mafitsarata tana murɗa mini. Fitsari ya matso ni kamar zan saki a wurin, in je kuma ɗan kaɗan ya fito, ga zafi. Likita ta duba ni, ta rubuta mini ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Na ji sauƙi, ba zan yi ƙarya ba.

Matsalar ita ce banɗakinmu a kulle yake. Mabuɗin yana aljihun teburin shugabar sashenmu, wai don wasu suna shigewa su zauna danna waya. Duk mai so sai ta ratsa layin kekuna ta tsaya gabanta ta roƙa. Ita kuwa ba ta iya miƙa shi shiru ba, sai ta ɗaga murya ta faɗi zuwa na nawa ke nan. Tun ranar da ta ƙirga mini biyar aka sa mini suna Famfo. Har wadda muke cin abinci tare tana cikin masu dariya. Ni da 'ya'yana uku, Anti, ana yi mini kamar 'yar aji ɗaya.

Shi ne na daina shan ruwa har sai an tashi, na kuma ƙara ƙwaya ɗaya da rana, wata rana biyu. Yanzu ba na zuwa gabanta, amma bakina a bushe yake ƙayau, sai in kwana uku ban yi bayan gida ba, ganina kuma dishi-dishi, da lalube nake zira zare. Makon jiya na ɓata wuyan riguna shida, shugabar ta ce in na sake in nemi wani wurin. Yayata da ta samo mini aikin cewa ta yi in haɗiye, kar in zubar mata da mutunci. Maigidana bai san komai ba, kunya ta hana ni. Wallahi na tsani shugabar nan, kuma ina jin haushin kaina. Yaya zan yi?

Mai ɗinkin da ta gaji

Ƙanwata, an ci zarafinki, ba zan ce miki ba haka ba ne. Mai yiwuwa shugabarki tana da dalilin kulle ƙofa, amma ba ta da dalilin yi wa babbar mace shela. Yayarki ma tsoro take ji, sai dai ba a jikinta ciwon yake ba.

Amma ke ma kin yi ganganci. Bushewar baki, taurin ciki da dushewar gani abubuwa ne da irin wannan magani kan jawo, musamman in an wuce ƙa'ida. Ƙin shan ruwa kuma ƙara wa fitsari zafi yake yi. Ki koma wurin likitarki cikin satin nan, ki gaya mata ainihin ƙwaya nawa kike sha, kar ki rage ko ɗaya don kunya. In fitsari ya ƙi fita, ko kika ga jini, ko zazzaɓi, ko zuciya na bugawa da sauri, asibiti nan take.

Ki roƙe ta takarda mai nuna kina buƙatar zagayawa a kai a kai. Ki kai wa shugabarki ku biyu kawai. In ta ƙi ji, ki kai wa na sama da ita. Maigidanki ma ki sanar da shi, ciwo ne, ba abin kunya ba.

Ƙwayar da kika ƙara don ki tsare aikinki ita ce take shirin raba ki da shi. Ki daina ƙarin nan daga yau. Allah ya ba ki lafiya, ya kare miki mutuncinki.