Mutumin da Muka Tsamo Ran Talata

Lahadi, 4 ga Agusta

Kwana shida muna sintiri a gaɓar yamma. Na duba akwatin magani: bandeji, allurai, ruwan ƙari. Komai na nan. Shekara ashirin da biyu ina jinyar sojan ruwa, har yau sai na buɗe akwatin nan sau biyu kafin in yarda da idona.

Abin ya sake faruwa. Na sa abin sauraron ƙirji a kunne, bakinsa na reto a iska, bai taɓa kowa ba, amma ina jin bugu. A hankali, kamar na mai barci. Ba nawa ba ne. Na gwada, nawa ya fi sauri.

Takardar ajiye aiki na aljihuna. Mai jin abin da babu bai kamata ya riƙe ran mutane ba.

Litinin, 5 ga Agusta

Na faɗa wa kukunmu, Baba Essilfie. Ya ce, "Dokta, ƙarar injin jirgi ce ta tare maka a kunne. Ko yunwa. Ci dokunu, tuwon masarar nan." Na ce ko an kashe inji ina ji. Sai ya daina dariya, ya ƙara mini kifi.

Abin da ban faɗa masa ba: a wannan ruwan, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mun tsamo wani masunci. Na saurari ƙirjinsa rabin minti, na ce ya mutu. Aka sa shi a ɗakin sanyi. Da muka isa tasha, hannunsa ba ya inda na ajiye shi. Kowa ya ce girgizar jirgi ce.

Talata, 6 ga Agusta

Ƙarfe tara na safe aka hango kwalekwale, rabinsa a ruwa. Yau Talata, ranar teku, ba masuncin da ke fita. Mutum ɗaya a ciki, dattijo, ruwa har ƙirjinsa.

Ba wanda ya so taɓa shi. Wani ya ce teku ta riga ta karɓi nata, kada mu shiga tsakani. Ni da Baba muka ɗago shi.

Sanyi ƙalau. Wuyan hannu, babu bugu. Wuya, babu. Na ɗora abin a ƙirjinsa, sai ga bugun. Shi ɗin dai, wanda nake ji a iska. To na wa ne? Nasa, ko na kunnena?

Kyaftin Bentsil na tsaye a kaina. "Dokta, ya mutu ko bai mutu ba? In ya mutu a kai shi ɗakin sanyi, mu ci gaba."

Na ce, yallaɓai, ban sani ba. Ban taɓa faɗin haka a gaban mutane ba. Ya ce shekara ashirin da biyu, ba ka sani ba? Na ce a ba ni awa biyu, kuma a juya zuwa tasha.

Baba ya ce, "Gara haka, ni ma ba na son baƙo kusa da namana a ɗakin sanyi." Ya tafi ya cika kwalabe da ruwan ɗumi.

Na yanke rigarsa, na naɗe shi da bargo huɗu, kwalabe a hammata. Na sa ruwan ƙari, na ɗumama shi a jikina tukuna. Awa ɗaya, shiru. Ina jin ana cewa Dokta na dafa gawa.

Sha ɗaya da minti ashirin ya yi tari.

Laraba, 7 ga Agusta

Yana asibiti. Kyaftin ya gaishe ni da safe, shi ya fara.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na je duba shi. Sunansa Egya Badu. Injin kwalekwalensa ne ya mutu ran Litinin, Talata ta same shi a ruwa. Matarsa ta miƙo mini ƙullin busasshen kifi, na ƙi, ta ce, "Ɗana, kada ka kunyata ni."

Da zan tafi ya riƙe hannuna, hannunsa har yanzu da sanyi. Ya ce, "Wannan karon ka jira, ba ka yi gaggawa ba."

Na ce, Egya Badu, mun taɓa haɗuwa? Ya dube ni kamar bai san ya yi magana ba. Matar ta ce tun da ya farfaɗo yake sambatu, in rabu da shi.

Na tambayi nas. Wai dattijon bai taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Ban ci komai ba.

Talata, 13 ga Agusta

Mun koma ruwa. Ba kwalekwale ko ɗaya, teku fayau.

Na sa abin a kunne, bakinsa a iska. Shiru. Na jira minti biyar cur da agogo. Shiru. Ban san me ya sa na ce "sauka lafiya" ba, ba kowa a ɗakin.

Kifin matar nan ya fara jiƙa mini aljihun tebur da mai. Na rasa abin naɗe shi, sai takardar nan ta aljihuna. Zan rubuta wata in na sami lokaci.

Sai yanzu na tuna sau ɗaya na buɗe akwatin yau.