Hannun Kaka a Wuyanmu

Daren Alhamis, 14 ga Nuwamba, Lyon

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau na je wani taron masana a Paris da 'yata Nana, don makarantarsu ba karatu. A taron, wata malama 'yar Ghana ta yi bayanin yadda Turawa suka yaƙi ciwon barci a ƙasar Asante: sare dajin bakin rafi saboda ƙudan tsando, da tare matafiya a hanya. Sai ta nuna hoton fataken goro a jere, ma'aikacin likita yana taɓa wuyansu yana neman kaluluwa, alamar ciwon. Na ƙura wa hoton ido. Hannun Kaka ke nan sak! Muna yara a Maraɗi, da ka yi gyangyaɗi da rana sai ta cafki wuyanka tana lalube. Mu kuwa mu yi ta dariya, wai tsufa ne.

Na kira Kawu Sani da ke zaune a Aubervilliers, kusa da Paris. Ya ce, "Ai a zangon Kumasi ta tashi, can ƙasar Asante. An tafi da wanta daga irin layin nan, bai dawo ba. Shi ya sa a wurinta gara ta riga kowa ganin kaluluwar."

Ashe gadinmu take yi. Tun ɗazu murmushi ya ƙi barin fuskata.

A jirgin ƙasa muna dawowa, Nana ta yi barci da la'asar. Ban ankara ba sai ga yatsuna a wuyanta. Ba komi, Kaka. Na duba.