Hannun Lawali

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara da maigidan? Ya zaman Legas?

Kin tuna littafin da na ba ki, na aminan nan biyu da aka sa ɗaya ya ba da shaida kan ɗaya? Tausayi ya hana ni ƙarasa shi. To Yaya, ya faɗo kaina. An kama Lawali, abokina tun makarantar allo, da zargin satar bijimi, kuma ni na gan shi yana jansa a hanyar Baure. Ranar Litinin alƙali zai sa in dafa Alƙur'ani. In na faɗi gaskiya, ina tsoron a yanke hannun da ya ciro ni daga kududdufi muna yara. In na yi ƙarya, Alƙur'ani ya ci ni. Ko abinci ba na iya ci.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Don Allah ki rubuto min yadda littafin ya ƙare.

Ƙaninki,
Sabi'u