Gailan, Baƙon da Ke Zama a Kujerarka

Zuwa ga Wisam, sanyin idona, inuwar dabinona a tsakiyar zafin Bagadaza, furen lemon da ya buɗe a tsakar gidan zuciyata,

Gaisuwa mai taushi gare ka, irin iskar da ke tasowa daga kogin Dijla da la'asar. Masoyina, abin da ke ƙirjina ya fi ƙarfin waya, in kuma na dubi idanunka bakina ba zai buɗe ba. Tsoro nake ji, Wisam. Wallahi tsoro nake ji!

Ka tuna Juma'ar da ɗan kawuna Sinan ya fara hawa da ni benen gidan shayin nan na unguwar Karrada? Na tarar da ku kun kewaye tebur, kowa ya ɗauki mutumin da zai zama a cikin labari, Sinan yana jan zaren labarin, ana jefa ƙwaya mai fuska ashirin, lambar da ta fito tana yanke wa kowa rabonsa. Kai ka tashi ka ba ni kujerarka. Kai ka koya mini jefa ƙwayar, muryarka kamar kukan kurciya da hantsi. A lokacin makiyayin raƙuma ne kai a wasan, wani sakarai mai son kowa, ni kuma na zama Sundus mai magani. Tun daga ranar nan zuciyata ta zama gonar da ba ta san wani ruwa ba sai naka.

Da Sinan ya buɗe sabon labari, ya ce yana son ɗayanmu ya zama mugu na gaske, wanda ba doka ba amana, ba a san inda zai nufa ba. Ka ɗaga hannu, tebur ya kwashe da dariya. Abokinka Muntazar har da buga cinya, ya ce, "Kai? Kai da ke ba kyankyaso haƙuri kafin ka share shi? Je ka lallashi jariran asibitin da kake aiki, malam." Ni ma na yi dariya, ya farin watana. Ina ma ban yi ba.

Sai ka kawo mana Gailan. Mugayen da sauran suka taɓa yi duk ihu ne da zare ido, shi kuwa ba ya ɗaga murya. Kana zuwa da ƙullin 'ya'yan kabewa, kana fasawa a hankali da haƙori, kana kiran kowa ƙanena. Yau Gailan ya tuɓe rigarsa ya ba wani tsoho, gobe ya cinna wa rumbun garin wuta, in an tambaye shi dalili ya ce shi ma bai sani ba. Juma'ar da ta wuce, da muka kama fursunoni a cikin labarin, ka ba ɗaya ruwa da hannunka, ka juya ga na kusa da shi kana murmushi, ka ce, "Da wane hannu kake rubutu, ƙanena?"

Abokan wasanmu suka yi ta tafa maka. Sinan ya rantse bai taɓa ganin wanda ya iya kamarka ba. Ni kuwa na dubi fuskarka na neme ka, ban same ka ba. Ina masoyina ya tafi? Wa ke leƙo ni ta cikin idanun da na saba hutawa a cikinsu? Yaya rijiyar da nake sha mai daɗi za ta ɓoye irin wannan duhu a ƙasanta? Na koma gida, na zare zobenka, na roƙi Baba ya ɗaga ranar ɗaurin aurenmu. Ba zan ɓoye maka ba, tsoronka na ji.

Ranar Litinin na je wurin yayarka Ibtihal, na same ta tana cusa dabino a cikin cincin. Na ba ta labarin wasan. Da na maimaita tambayar Gailan, sai ta saki abin da ke hannunta ta zauna a ƙasa. Ta tambaye ni ko yana fasa 'ya'yan kabewa. Na ce eh. Sai ta gaya mini abin da ba ka taɓa gaya mini ba: shekarar da wasu masu bindiga suka sauke ka daga motar haya kana ɗalibi, da ɗakin da suka tsare ku kai da wasu, da mutumin da ke cikinsu wanda ba wanda ya san wa zai ciyar yau, wa zai karya. Ta ce, "Rusul, ƙanwata, ba ƙirƙiro shi ya yi ba. Ya san shi."

Wayyo Wisam! Yatsun nan naka biyu da suka karkace, da ka ce mini ƙofar mota ce ta datse su! Ka ba shi hannun hagu ka ce da shi kake rubutu, ko ba haka ba? Kuma jiya Muntazar ya faɗa mini cewa duk ranar da aka tashi wasa yana jin ka a banɗaki kana amai, in ya tambaya ka ce shayin ne ya yi ƙarfi.

Yanzu tsorona ya sauya, ya kuma fi na farko nauyi. Me kake nema a bakin mutumin nan, ya ruhina? So kake ka gane shi? Ko so kake ka zauna a kujerarsa don ka daina jin kana durƙushe a gabansa? Ina tsoron wata Juma'a ka shiga cikinsa ka kasa samun ƙofar fita. Ina tsoron kana nutsewa a gabanmu kamar wanda ambaliya ta ja, mu kuwa muna gefe muna tafa maka. Ina tsoron ka karanta wannan ka ji kunya ka guje ni, alhali ba ka da abin kunya ko ɗaya.

Na mayar da zobenka yatsana. Na ce wa Baba a bar ranar yadda take, ya dube ni ya girgiza kai ya bar ta. Kada ka yi fushi da Ibtihal, ni na matsa mata.

Ba zan ce ka daina wasan ba, ban san abin da yake yi maka ba. Roƙona ɗaya ne: kada ka ƙara shiga ɗakin nan kai kaɗai. Sinan ya ce Juma'a mai zuwa labari zai haɗa Gailan da Sundus su biyu. Zan zo, zan zauna a gefenka inda kafaɗata za ta taɓa taka. In kana bukatar ya ƙara rayuwa, zan daure in saurare shi har ya gama. In kuwa ka gaji da ɗaukarsa, ka matse hannuna a ƙarƙashin tebur. Sundus tana da wuƙar yankan saiwa a jakarta. Ni zan kashe maka shi, masoyina, in kuma ƙwaya ta ƙi, in sake jefawa.

Taka a cikin tsoro da bayan tsoro, har ranar da numfashina zai ƙare,

Rusul