Idon Sale da Harshen Inna

Kazaure, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Binta da yara. Ya Kumasi, ya kasuwa? Mu nan kowa lafiya, ban da autanmu Sale.

Bayan da bijimin sa ya tunkuye shi a fuska a Roni, likitan Kano ya gyara ƙashin kwarmin idon, muka dawo muna murna. Da Sale ya ce wani abu na sukarsa a idon, Inna ta ce haki ne, ta sa harshe ta lashe masa idon, yadda take yi mana muna yara. A lokacin tana da ƙurajen zazzaɓi a leɓe. Yanzu idon ya yi jawur, hakiya ta fara rufe baƙin, ko fitila ba ya iya kallo. Malamin asibitin hukumar En'e ya ce ciwon leɓen ne ya shiga idon, in ba a koma Kano da wuri ba, Sale zai rasa shi. Sai da na sa ya maimaita, ko ni ne ban fahimta ba.

Inna kuwa cewa take, "Wuƙar Bature ce ta ɓata min ɗa, ba inda za shi. Kai da bokonka!" Har tana shirin sake lasa.

Yaya, maganarka kaɗai take ji. Don girman Allah ka bugo tangaraho ka ce ta bari a kai shi. A sa Sale a addu'a, a gai da Kawu.

Abin da ke gabana gobe: neman izini a ofis, neman gurbi a motar gyaɗa mai zuwa Kano, gaya wa Inna daga ina ciwon ya fito. Wannan na ƙarshen ban san ta inda zan fara ba.

Ƙanenka,
Isa