Tokiko, Jirgin Miyako Na Jiran Amsarki

Kobe, Litinin, uku ga Afrilu

Zuwa ga Tokiko, hasken shagona, ruwan sanyina a ranar zafi, furen da iskar kudu ta tsinko daga tsibirin Miyako ta ajiye a ƙofar wani mai awara da bai cancanta ba. Maman Kanae, abar ƙaunata tun gashina yana baƙi wuluk har ya koma kamar garin shinkafa!

Yau kwana tara da kika kore ni daga ɗakinki na asibiti. "Fita!" kika ce, kalma ɗaya tak, wadda ta fi duk abin da ya fito daga bakinki kyau tun da ɓarin jikinki na dama ya shanye a watan Disamba. Har ma'aikaciyar jinya ta biyo ni baranda tana cewa, "Baba, ka ji yadda muryarta ta fito? Ai an samu ci gaba!" Na san laifina. Kin fara cewa "Ina so…" na ce "Shayi?" Kin girgiza kai, na ce "Bargo? Taga? Banɗaki?" har hawaye ya cika miki ido. 'Yarmu Kanae ba ta raga mini ba: "Baba, harshen Mama a hankali yake tafiya, naka kuma ba shi da birki." Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Takarda ba za ta katse ki ba, kuma in ta ishe ki sai ki kife ta.

Kanae ta kawo mini saƙonki cewa a soke tafiyarmu ta Miyako. Ban soke ba, ya sanyin idona, na kasa. Ofishin jirgin ruwan sun ba ni zuwa azahar ɗin Juma'a in faɗa musu muna nan ko ba ma nan. Tun bara muka kama wuri a jirgin don cikarmu shekara arba'in da aure, lokacin da kike ɗaukar buhun waken suya da hannu ɗaya kina yi mini dariya. Ke kika ce a jirgin ruwa kika bar tsibirinku kina 'yar shekara sha tara, a jirgin ruwa kuma za ki koma. Yaya zan je in ce wa yarinyar ofishin ta goge sunanki?

Ga abin da na yi, ki duba in da gyara.

Jirgin zai tashi daga nan ranar sha biyu ga Mayu, kwana takwas zuwa da dawowa. Na sa an sauya mana ɗaki zuwa tsakiyar jirgi, inda aka ce rawar ruwa ba ta da yawa, kusa da na'urar hawa bene. Sun ce ƙofar za ta ci kekenki na marasa lafiya. Ban yarda ba. Ranar Alhamis da jirgin ya tsaya a tasha na je da tef ɗin awo, na roƙa har aka shigar da ni. Ƙofa ta ci, har da ragowar yatsa huɗu. Amma ƙarfen dafawa na banɗaki a hannun dama yake, Tokiko, a hannun dama! Na tsaya ina kallonsa gumi yana karyo mini. Ma'aikacin ya ce, "Kaka, ɗakin da ke kallon wannan komai nasa a hagu yake." Na kusa rungume shi. Wancan muka ɗauka.

Likita ya rubuta takardar izini. Magunguna na raba su gida biyu, jaka biyu, ko ɗaya ta ɓata. Na rubuta wa masu girki cewa a rage miki gishiri, na kuma san za ki ɗanɗana miyar ki harare ni kamar ni na dafa. Na sayo takalmi mai manne wanda hannu ɗaya zai iya ɗaurewa, da malafa mai igiya don kada iska ta sace ta. Launin ruwan goro ce. In ta yi muni, Kanae ce ta zaɓa.

Kullum da rana ina kunna labarin yanayi kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Wai guguwar teku ba ta cika zuwa a Mayu ba. "Ba ta cika" fa suka ce, ba su ce "ba ta zuwa" ba. Wa ya koya wa mutanen nan magana?

Akwai abu ɗaya da ba zan ɓoye miki ba, don kin fi ƙin a rufe ki da a ɓata miki rai. In wani babban jirgi ya riga mu matsaya a Miyako, namu zai tsaya daga nesa, a kwashe mutane a ƙananan jirage. In kuwa ruwa ya yi tsalle a ranar, ba za su sauke mai keke ba. Ma'ana, muna iya zuwa har bakin garinku, ki hango farin yashi da gonakin rake, ki kasa taka su. Kwana uku ina ɗauke da wannan magana kamar garwashi a aljihu. Daga baya na kira yayarki Tsuru na faɗa mata. Kin san ta, shekara tamanin da ɗaya amma murya kamar ƙaho. "Kai, surukin banza, to sai me? In ba a sauko da ita ba, ni zan shiga kwalekwalen maƙwabci in zo gindin jirgin in yi ta ihu har ta leƙo! Tana jin kunyar fuskarta ta karkace? Ka ce mata ni haƙori uku ya rage mini." Haka ta ce, ban ƙara ko wasali ba.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagon babana? Ana yayyafi, lemarki ta karye, gashinki yana ɗiga kamar reshen gora bayan ruwa. Kika gutsiri awarar da na tashi tun asuba na yi, kika tauna, kika ce, "Wannan ai ruwa ne aka yanka. A garinmu da ruwan teku ake ɗaure ta, tana da ƙashi." Ni kuwa na ji kamar an buɗe taga a ƙirjina. Wace irin mace ce za ta zagi sana'ar mutum ya wuni yana murmushi? Shekara arba'in bakin nan yana gyara mini zama. Yanzu don ya rage sauri, kina zaton zan gaji da jiransa? Teku yana gajiya da jiran kogi ne, ya farin watana?

Kin ce wa Kanae ba za ki yarda in tura ki a gaban jama'a kamar kaya ba, wai ke za ki zame mini wahala. To saurara, ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ni ban iya iyo ba, kafin jiya kuma ban taɓa shiga jirgin ruwa yana tafiya ba. Duk shekarun da kike cewa mu je Miyako ina cewa "shago, shago, wa zai jiƙa wake?" ba shago ba ne. Tsoro ne. Ni na hana ki garinku, Tokiko, tun kina da ƙafafun da za su yi gudu a yashin. Wannan nauyin ya fi mini kowane keke.

Jiya na gwada kaina. Na je Akashi na shiga ƙaramin jirgin da ke ƙetarawa tsibirin Awaji, tafiyar da ba ta kai rubu'in awa ba. Kafin mu wuce ƙarƙashin gada ƙafafuna sun zama awara, irin tawa, marar ƙashi. Na ƙanƙame ƙarfe, na mayar da karin kumallona ga kifaye. Wata tsohuwa ta miƙo mini alawa tana cewa, "Malam, ruwan ma a kwance yake yau." A kwance! To ina ga kwana takwas a tsakiyar teku? Amma da muka isa na sake shiga na dawo, kuma gobe zan koma.

Saboda haka ba jinya nake gayyatarki ba. Ke 'yar masunta ce, jininki ya san ruwa. Ni zan riƙe hannun kekenki ne don kada in faɗi, jama'a su zaci tura ki nake yi. In ba ki zo ba, wa zai ce mini in daina kallon ƙasa in kalli nesa? Wa zai yi mini dariya?

Kanae za ta zo miki da fensir ranar Laraba. Ki zana da hannun hagu a bayan takardar nan: da'ira in za mu, gicciye in ba za mu ba. In gicciye ne, zan je ofishin da ƙafata in soke, ba kuma za ki sake jin maganar daga bakina ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ko wanne kika zana: ki yafe mini shekarun da na cinye miki.

Naki a tudu, naki a kan ruwa ko da fuskata ta koma kore, naki har ranar da za a ajiye ƙasusuwanmu a ƙarƙashin dutse ɗaya,

Shunpei